Ruwa Ya Kusa Kabarin Baba

Kafanchan,
17 ga Yuli, 1994.

Zuwa ga Yayana Gershon,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu Stella da yara, Clara da Gilbert. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal, yaya kuma wannan wahalar mai da ta mai da kowa ɗan ƙafa? Kullum kuna cikin addu'armu, Allah ya kiyaye ku a gida da kan hanya, ya ba ku lafiya da kwanciyar rai. Mu ma nan muna lafiya, sai godiya. Maigidana yana can makarantarsu a Manchok, ba ya zuwa sai ƙarshen mako, shi ma sai in ya sami mota. Yara sun warke daga tarin da suka yi fama da shi. Masarar Mama ta yi kyau bana har an fara gasawa, cittar ma ta fito ba laifi. Zanen da ka aiko mata ya iso, ta ce ya yi kyau da yawa, saboda haka ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati, ka dai san halinta.

Na ce muna lafiya ne domin haka ake fara wasiƙa, amma Yaya, hankalina ba a kwance yake ba, kuma tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Ruwa ya haƙa kwazazzabo a bayan gidanmu, yana ta matsowa wajen kabarin Baba. Na daɗe ina ɓoye maka don kada in tayar maka da hankali kana nesa, ina ta cewa za a gyara. Ba a gyara ba, damina kuwa yanzu ta fara zama sosai. Bari in ba ka labarin tun daga farko, don in ka zo kada wani ya juya maka shi.

Ka tuna tudun nan da ke saman gidanmu, inda muke zuwa tsinkar ɗinya muna yara, inda tsohon kurmin dodo yake? Shi aka ba ikilisiyarmu don gina sabuwar majami'a, tun da tsohuwar ta yi mana kaɗan, ran Lahadi rabin mutane a waje suke tsayawa. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Aka kafa kwamitin gini, aka ɗora Baba Rufus, ƙanen Baba, a kan shugabanci. Da aka kai zanen ginin ƙaramar hukuma, sai suka turo wani ma'aikacinsu na sashen ayyuka, Malam Leonard, mutumin Madakiya, ya zo ya zagaya wurin tun da rani. Bai hana gini ba, ka riƙe wannan da kyau, domin za a gaya maka wai ya hana. Cewa ya yi wurin gangare ne kuma akwai gidaje a ƙasa, don haka akwai ƙa'idar da hukuma ta sa wa duk mai gini a irin wannan wuri. Kada a share tudun gaba ɗaya, sai daidai inda gini zai zauna. A bar ciyawa da itatuwan da ke gefen ƙasa yadda suke, in da hali ma a ƙara dasa ciyawar jema. A haƙa hanyar ruwa daga sama ta zagaya ta faɗa babban lambatun bakin titi, a yi rami a ƙarshenta inda laka za ta kwanta kafin ruwan ya wuce. Ƙasar da aka tono kuma kada a bar ta tsibi a fili, a kewaye ta da buhunan yashi. Ya ce a gama wannan kafin ruwan farko, zai dawo ya gani, sa'an nan a sa harsashi.

Ka san mutanenmu tun rikicin addinin da aka yi a tamanin da bakwai. Da an ce a dakata a kan ginin majami'a, ba mai tsayawa ya ji dalili, zuciya ce kawai take tashi. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, kowa yana da abin da yake tunawa. Baba Rufus ya miƙe lokacin sanarwa ya faɗi sharuɗɗan da wata irin murya, yana tsayawa bayan kowanne yana duban jama'a, majami'a kuwa ta ɗauki guna-guni. Ya ce wai yau aikin Allah ne za a gindaya wa sharaɗi, wai mutane nawa suka yi gini a garin nan ba a ce su dasa ciyawa ba sai mu. Kafin a tashi sujada har an gama yanke hukunci cewa an saye Leonard. Mutumin nan fa Kirista ne, a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu yake, matarsa kuma muna haɗuwa da ita a babban taron zumuntar mata. Duk wannan bai hana ba.

Kafin Ista aka yi hayar katafila. Ta hau tudun nan ta aske shi tas, ɗinyar, ɗorawar, gambar, ba ta bar ko tsinke ba, yara suna bin ta suna ihu. Abin da ya fi damuna shi ne jerin duwatsun nan. Ka tuna su, waɗanda suka bi jikin tudun layi-layi kamar matakala, da shingen ƙerana a ƙasansu? Kwamiti ya ce kayan dodo ne, kayan duhu, kuma babu nasarar da ta fi a kwashe su a zuba a harsashin ɗakin Allah. Aka kira gayya. Maza suna tonowa, mu mata muna ɗauka a ka, ana kiɗa ana waƙa, har da masu kuka don murna. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa kurmin dodo daban, gonakin acca na kakanni daban, maƙwabtaka kawai suka yi. Duwatsun nan su suke riƙe da tudun tun kafin a haifi kakanmu. Baba ya yi shekaru yana wa'azi a unguwar nan, bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba. Mama ba ta fito gayyar ba, ta ce bayanta yana ciwo, ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon tudun.

Ruwan farko laka kawai ya kawo. Ja wur, mai kauri, ta cika tsakar gida ta shiga madafa, muka kwashe muna dariya muna cewa albarkar gini ce ta sauko mana. Wanda bai yi dariya ba shi ne maƙwabcinmu na ƙasa, Oga Romanus, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan nan da ya buɗe shago bayan ya yi ritaya. Laka ta shiga shagonsa ta lalata masa garin rogo da sabulu, matarsa Nkolika ta wuni tana kwasa da faranti. Ya hau sama ya sami Baba Rufus, ya gaya masa da irin Hausarsa wai ruwa ba ta san majami'a ba, ba ta san shago ba, inda ta ga hanya nan za ta bi. Baba Rufus ya ce masa ya yi haƙuri, gwaji ne, in an gama gini komai zai daidaita. Oga Romanus da muka yi zaman lafiya da shi tun muna yara, wanda ya ɗauki akwatin gawar Baba da kafaɗarsa, yanzu in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa.

A watan Yuni ne ƙasa ta fara tsagewa. Daga inda katafila ta juya ta bar sawu, nan ruwa ya sami hanya. Da farko ɗan rami ne da akuya za ta tsallake, yanzu in namiji ya shiga ba a ganin kansa. Kowane ruwa sai ya ƙara ci, kuma ba gaba kawai yake ci ba, har gefe, ƙasa tana zubewa daga ƙarƙashi alhali sama tana nan kamar lafiya lau. Ya wuce mangwaron, ya cinye wurin da tsohon rumbu yake. Itacen lemon da ka dasa shekarar da ka gama sakandare yana kwance a cikin ramin, saiwoyinsa a sama. Daga lemon nan zuwa kabarin Baba kai ma ka san abin da ya rage.

Yaya, ni da nake son damina, yanzu hadari ya zama mini abin tsoro. Ina cikin aji ina koyarwa, da na hango duwatsun Kagoro sun yi baƙi sai in bar allo in tsaya a taga, yara suna kallona. Ran Alhamis da ta wuce aka yi ruwa da rana kamar da bakin ƙwarya. Ban jira an tashi ba, na bar jakata a makaranta na kama gudu. Tun daga bakin titi nake jin ƙarar kwazazzabon, wani irin ruri da ban taɓa ji a unguwarmu ba. Na shiga gida ban ga Mama a ɗaki ba. Na zagaya baya na same ta tsaye a cikin ruwan nan, ba lema ba mayafi, ta dafa gicciyen kabarin da hannu ɗaya. Ina kiranta ba ta ji. Ina isa na kama ta, sai wani babban yanki na ƙasa a gefen hagu ya tsage a hankali, ya zame, ya tafi da ciyawarsa da komai, ruwa ya haɗiye shi a gaban idonmu. Na ji ƙasar da muke tsaye a kai ta motsa. Da ƙyar na ja ta zuwa ɗaki. Na canza mata kaya na dafa mata citta.

Washegari Malam Leonard ya dawo. Ya hau sama ya shafa jan fenti a bangon da aka fara, ya ce a tsai da aiki, matasa suka taru suna yi masa ihu har sai da fasto ya fito ya raka shi. Da zai tafi ya biyo ta gidanmu, ya gai da Mama da ladabi, ya je ya daɗe yana duban ramin. Ya ce mini har yanzu ana iya ceton wurin, amma ba daga nan ƙasa ba, daga sama. Sai an haƙa hanyar ruwan da ya faɗa tun farko, an mai da duwatsu layi-layi a jikin tudun, an cusa buhunan yashi da rassan itace a bakin ramin, kuma aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai irin gayyar da ta kwashe su. In ba za a yi haka ba, ya ce a ɗauke kabarin kafin ruwan Agusta, domin shi ba zai yi mini ƙarya ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta riga ta jiƙe. Ya ce hukuma za ta iya tsai da gini, za ta iya kai kwamiti kotu, amma kafin a saurari ƙarar damina ta gama abin da za ta yi.

Na tafi wurin Baba Rufus da yamma, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duka biyun. Ya hau dokin naƙi. A kan gyaran sama ya ce in aka kira gayya aka fara kwashe duwatsu daga wurin gini ana mayarwa, an nuna wa duniya ke nan cewa ikilisiya ta yi kuskure, maƙiya su yi mana dariya. A kan kabari kuwa ya ce ba a taɓa tone mamaci a gidanmu ba, ba kuma a kansa za a fara ba, wai Allah da ya ba yayansa wurin kwanciya shi zai tsare shi. Da na ce Allah ya ba mu hankali kuma, sai ya dube ni ya ce ni matar wani gida ce, an kai ni tuntuni, ba ni da baki a kan kabarin gidan nan, ɗan fari ne kaɗai zai yi wannan magana kuma ɗan fari yana Fatakwal yana shan iskar teku. Yaya, na yi kuka a hanya, na baƙin ciki da na haushi. Ni ce nake wanke ƙafafun Baba yana jinya, amma yau ba ni da baki. Ban ce Baba Rufus mugu ba ne, na ga idonsa lokacin da na ambaci lemon, shi ma a tsorace yake. Ya yi nisa ne a gaban jama'a, ya rasa ta inda zai juyo. Fasto kuwa yaro ne sabon zuwa, tsoron kwamiti yake ji, da na same shi ya ce mu ci gaba da addu'a.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma gara ka ji daga wurina. Mama ta fara ɗauko duwatsu daga wurin ginin. Da sassafe, kafin ma'aikata su fito, takan hau tudun nan da sandarta, ta zaɓi dutse daidai ƙarfinta daga tsibin da ya rage, ta ɗora a ka, ta sauko da shi a hankali ta ajiye tsakanin tudun da kabarin. Ta fara jera su layi, yadda suke a da. Matar da ta yi shekaru tana shugabancin zumuntar mata, wadda ko tsintsiyar majami'a ba ta yarda a kai gida, yau ita ce take ɗaukar dutsen majami'a a ɓoye. Na roƙe ta ta bari, hanyar tana da santsi, kuma gefen ramin take bi. Ta ce ita ba sata take yi ba, mayarwa take yi. Rannan Inna Afiniki, matar Baba Rufus, ta gamu da ita da dutse a ka. Ta tsaya ta dube ta, ta juya kamar ba ta gani ba, amma washegari Mama ta tarar da duwatsu an ajiye mata a gindin mangwaro, ba ta san wanda ya kawo ba. Layin nata bai kai tsawon tabarma ba, Yaya. Ruwa ɗaya mai ƙarfi zai share shi. Abin da nake tsoro shi ne wata safiya ƙasa ta zame da ita a kai, in zo in tarar da sanda kawai. Na ce ta dawo wurina a cikin gari har damina ta wuce, ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai da ruwan nan ba.

Saboda haka ina roƙonka don Allah ka zo. Ba saƙo nake so ba, ba kuma wasiƙa zuwa ga Baba Rufus ba, zai karanta ya sa a aljihu. Kai nake so, da ƙafarka. Na san babu mai, na san halin da jirgin ƙasa yake ciki, na san ba a ba da hutu da sauƙi, amma ka gaya musu maganar mahaifi ce. In ka tsaya a gaban dattawan ikilisiya za su saurare ka, domin kai ne ɗan farin mutumin da ya fara tara su a gindin itace tun ba su da ko benci. Ba sai ka kunyata kowa ba. In kai ka roƙi gayya don kabarin mahaifinka, Baba Rufus zai sami ƙofar fita, ya ce don yayansa ya yi, ba don Leonard ba, kuma na tabbata matan nan za su ɗauki duwatsun su mayar da waƙa kamar yadda suka kwaso su. In kuwa ka zo ka ga lokaci ya ƙure, to kai kaɗai ne za ka iya cewa a ɗauke shi, a kira fasto a yi addu'a a mai da shi wuri mai kyau da mutunci. Ko wanne ka zaɓa zan bi. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne mu wayi gari muna bin rafi muna neman Baba.

Ka gai da matarmu Stella da kyau, ka ce mata na gode da maganin da ta aiko wa yara. Ka gai da Clara, ka ce ina jiran labarin jarrabawarta, da Gilbert mai ƙiriniya. Maigidana yana gaishe ku, yara ma suna gai da Kawunsu na Fatakwal. Inna Afiniki ta ce in gaishe ka, ta kuma riƙe hannuna ta ce in rubuta maka ka yi sauri. Oga Romanus ma, duk da fushinsa, ya tambaye ka.

Mama tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Na tambaye ta abin da take so in rubuta maka daga bakinta, ta ce kada in tsorata ka. Ta ce in tuna maka kawai ranar jana'izar Baba, bayan mutane sun watse, da ta kama hannunka ta nuna maka wuri a gefen hagunsa ta ce nan za a sa ta. Sai da ta faɗi haka na gane cewa shi ne yankin da ya zame a gabanmu ran Alhamis. Ta ce in gaya maka wurin nan babu shi yanzu, ruwa ya tafi da shi. Ta ce ita ba ta damu da wurin ba, ƙasa duk ta Allah ce. Ka zo dai ka faɗi inda Baba zai kwanta, don ta san inda za ta bi shi.

Allah ya kawo ka lafiya, ya riƙe mana ruwan nan har ka iso.

Ni ce ƙanwarka,
Hellen.